Fis Mai Lamba Talatin

Surukina ne ya koya min aikin wayar mota, kuma shi ya ba ni 'yarsa. Mutumin da ya yi maka waɗannan biyun ba ka iya buɗe baki ka ce masa ya yi kuskure, ko da kuskuren yana tsaye a gabanku yana ɗaga hannu. A gareji kowa Tsohon Oga yake ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa. Shi kuma yana kirana Malam Awo, wai ko igiyar shanya zan ɗaura sai na nemo abin awo. Shekara biyu ke nan da ya bar min garejin, amma bari irin nasa. Kullum da hantsi yana kan bencin da ke jikin bango, gwangwanin fis ɗinsa a kan cinya, yana gaya wa masu motoci yadda zai yi aikin da a ce shi ne.

Kunnensa ya yi nauyi, abin da kowa ya sani ban da shi. Ko an ƙure rediyon motarsa sai ya ce masu karanta labarai na yanzu raɗa suke yi. Da babban ɗansa ya gaji da ƙorafin, sai ya aiko masa da amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, haɗe da lasifika biyu. Kayan sun iso ranar Laraba, ga tafiya ranar Asabar. Yayar Baba ce ta faɗi ta karye a ƙugu, za su je dubiya, tafiyar rabin yini. Matata, wadda har yau Auta yake ce mata, ita za ta tuƙa, 'yan biyunmu mata suna kujerar baya. Tun bara ita take tuƙa shi, don ta nace masa wai tana so hannunta ya faɗa.

Na ce, "Baba, kawo in haɗa maka gobe da safe."

Ya ce, "Kai? Mu kai wata muna jira kana awo? Motata ce, hannuna kuma bai shanye ba."

Mai faci, maƙwabcinmu, ya fashe da dariya ya ce yau za a ga aikin manya.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Amfilifaya a but take zama, can bayan mota, batir kuma yana gaba, don haka sai an ja jar waya tun daga batir, ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet da kujerar baya har but. Abu uku ake lura da su, kuma duk daga bakin Baba na ji su. Kaurin waya ya dace da wutar da za ta ɗauka da nisan da za ta yi. Lambar fis kada ta wuce abin da wayar za ta iya jurewa, don shi ne ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Na uku, wanda ya taɓa ja min kunne a kansa har na yi kwana biyu ina jin zafi, shi ne mazaunin fis: kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Yakan ce fis ba na'ura yake gadi ba, waya yake gadi. Duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. In ta goge ta taɓa ƙarfe, kafin ka ce me ta yi ja, sai hayaƙi.

Ranar Alhamis ya je kasuwa da kansa ya dawo da waya mai kauri kamar ɗan yatsa, yana ta murza ta yana yabo. Ina ƙarƙashin sitiyarin wata mota, amma idona na kansa. Ya ja wayar tsaf, ya kankare fenti ya ɗaura baƙar waya a jikin ƙarfe yadda ya kamata. Sai na ga ya zagaya but, ya zauna a bakinsa inda rana ke haskawa, ya dasa gidan fis a can, dab da amfilifaya. Ya tona gwangwaninsa, ya ɗauko fis ɗaya ya cusa.

Na matso kamar mai neman filaya. Na ce, "Baba, a baya za a bar fis ɗin?"

"A nan ake ganinsa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya kunna rediyo. Muryar mai labarai ta cika garejin har kwanon rufi yana amsawa. Mai faci ya tafa, masu jiran gyara suka taso kallo, Baba kuwa ya tsaya ya riƙe ƙugu, fuskarsa kamar an yi masa jika. Rabon da in ga ya yi irin wannan farin ciki tun ranar da ya miƙa min makullin garejin.

Da suka watse na tsinci guntun wayar da ya yanke ya yar. Na feɗe ta da wuƙa. Kaurin duk roba ne, zaren cikin bai kai rabin abin da ido ke gani ba. Na kankare zare ɗaya, sai jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta kamar na gaske. Na leƙa but na duba fis ɗin. Lamba ɗari. Amfilifayar kanta arba'in aka rubuta a jikinta, wayar kuwa in ta ɗauki talatin ta yi ƙoƙari. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don wayar nan ƙarƙashin kujerar 'ya'yana ta bi.

Da yamma na sami Auta a kicin tana wanke kwanuka, na zayyana mata komai. Ta saurare ni har na gama, hannunta cikin kumfa.

Na ce, "Ke ce 'yarsa, ki faɗa masa."

Ta ce, "Ni na san fis ne? Zai ce wa ya aiko ni, kuma ya san wa ya aiko ni."

"To ni zan kwance aikin gobe in sake."

"A gaban mai faci? Baban 'yan biyu, in ka kwance masa aikin nan, wallahi ba zai ƙara taka garejin ba. Bencin nan shi ne abin da ya rage masa."

"To in bar ku ku hau hanya a haka?"

Ta ɗauraye kwano ta kife. Ta ce, "Ban ce ka bar mu ba. Cewa na yi kada ka kwance."

Juma'a ta zo ta wuce ban iya komai ba, don Baba wuni ya yi cikin motar yana jin labarai, har waɗanda ya riga ya ji da safe. Sau biyu ina isa bakin tagar da maganar a bakina, sai ya rage sauti ya ce, "Malam Awo, ka ji aiki?" Ni kuma in ce, "Na ji, Baba."

Asabar da sassafe, suna ta haɗa kaya, na ce bari in kai motar a duba iskar taya a sha mai. Baba ya miƙo makulli yana cewa kada in tsaya auna man da cokali. Na zarce gareji. Minti ashirin gare ni, ba za su isa sake waya ba, kuma ko sun isa zai gane. Na cire kan batir, na yanke jar wayar tazarar tafin hannu daga batir, na dasa ƙaramin gidan fis, na sa mai lamba talatin. Na naɗe da baƙin tef, na tura shi ƙarƙashin akwatin iska inda ba mai gani sai wanda ya nema. Na kunna rediyo, ya yi magana. Ji nake kamar ɓarawo, alhali abin da ya koya min kawai na yi.

Suka tafi. Na wuni ina gyaran fitilar wata babbar mota, wayar hannuna a aljihun gaba. Bayan azahar Auta ta kira.

"Mun isa lafiya. Amma rediyo ya mutu a hanya."

"A ina?"

"Bayan wani wuri mai ramuka. Mun ji ɗan ƙas, sai shiru. Baba ya ce in tsaya."

Ta ce ya buɗe but ya zare fis ɗinsa, ya sa ta ta duba masa ko ya tsinke, ta ce lafiyarsa ƙalau. Sai ya durƙusa a gefen titi ya bi wayar da hannu, taƙi bayan taƙi, tun daga but har ƙarƙashin sitiyari. A ramin da wayar ta ratsa bangon ƙarfe yatsansa ya tsaya. Babu zoben roba a ramin, bakin ƙarfen ya ci robar wayar har ya kai ga zare. Ni ma ban duba wurin ba, duk awon nawa. Daga nan ya buɗe gaban mota ya ci gaba da lalube har hannunsa ya shiga ƙarƙashin akwatin iska.

"Sai me ya yi?"

"Ya daɗe a tsaye. Sai ya cire wayar daga batir gaba ɗaya, ya leƙa ya kalli yara suna barci, ya ce mu tafi."

Kwana uku suka yi. Kwana ukun nan na shirya jawabi ya fi kala goma, kowanne da ban-haƙuri a farkonsa. Ranar Laraba da hantsi ya shigo garejin da gwangwaninsa kamar kullum. Ya gaisa da mai faci, ya ba shi labarin jikin yayarsa, ya zauna a benci. Bai kalle ni ba sai da mai faci ya tafi kai taya, garejin ya rage daga ni sai shi.

"Malam Awo, zo."

Na je na durƙusa. Ya zaro fis daga aljihu ya ɗora a tafin hannuna. Nawa ne, cikinsa ya yi baƙi.

"Lamba nawa ne wannan?"

Na ɗauka tuhuma ce. Na ce, "Talatin ne, Baba. Ka yi haƙuri, da na..."

"Me ya sa talatin? Akwatin arba'in yake ci."

Na ɗauko guntun wayar daga aljihun tebur, na nuna masa inda na kankare. Bai kalla ba, karɓa ya yi ya murza zaren tsakanin yatsunsa, ya gwada nauyinsa a hannu. Ya yi tsaki a hankali. Sai ya zaro fis na biyu, wanda ya sa a but.

"Wannan fa?"

"Ɗari ne."

Ya kai fis ɗin dab da idonsa.

"Arba'in na ɗauka," ya ce. "Na ga sifili a ƙarshe, na ce shi ne."

Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa ya zauna a bakin but cikin rana, da abin da yake nufi da a nan ake ganinsa. Idonsa ne ya yi rauni, gaban mota kuwa akwai duhu da matsi. Kwana shida ina cewa taurin kai ne, ina jin haushinsa a zuci. Kunya ta rufe ni, tausayinsa kuma ya sa na kasa ɗaga kai.

Ya buɗe gwangwanin ya juye a kan benci. Fis sun fi ɗari biyu, na shekara da shekaru, manya da ƙanana.

"Samo kwalayen ashana. Kai ka karanta, ni in zuba. Kowane kwali ka yi masa tsaga a gefe yadda hannu zai gane. In mun gama ka zare wayar nan duka ka sa ta gaske, da zoben roba. Ka auna yadda ka ga dama."

Muka fara. Ina cewa goma, yana zubawa, ina cewa ashirin da biyar, yana zubawa. Da mai faci ya dawo ya tambayi me ake yi, Baba ya ce yana koya wa Malam Awo tsari ne, yaran yanzu ba su san ajiya ba. Na ce haka ne.

Mun kusa gamawa ya matso da kansa kusa da nawa, ya yi abin da yake ganin raɗa ce.

"Kada ka gaya wa Auta. Hankalinta zai tashi."

Na ce to.

Da na koma gida na same ta tana ninke kayan yara. Ban gaya mata ba, tambaya kawai na yi.

"Wai tun bara hannun naki bai faɗa ba har yanzu?"

Ta ci gaba da ninki, ba ta kalle ni ba.

"Shekarata goma sha biyu ina tuƙi, Baban 'yan biyu," ta ce. "Kai ma kada ka gaya masa na sani."