Bugu Biyu a Bango

Tim! Bango ya girgiza, cokali ya yi tsalle a cikin kofin Madam Hattie. Ko kai ba ta ɗago daga keken ɗinkinta ba.

Shekara tara ke nan tana jin wannan faɗuwa kowace safiya a gidan hayarsu na Los Angeles. Sana'ar maƙwabcinta Mista Fekete ke nan, faɗuwa a gajerun finafinan barkwanci. Sa'ad da fim ke bebe, sunansa ake fara rubutawa. Da fim ya buɗe baki, aka ce harshensa na mutanen Hungary ya yi nauyi, ya koma wanda ake tunkuɗowa daga tsani kawai.

Kullum in ya gwada faɗuwarsa sai ya yi lamo, can ya ƙwala mata kira: "Gwauruwa, ta yi?" Ita kuma ta bugi bango sau biyu, wato ta yi, wani lokaci ma tun kafin ya kira. Yini guda, sau da yawa ba wanda ke yi mata magana sai shi.

Jiya ma ya tare ta a matakala, bakin nan har kunne.

"Hattie, sun ba ni magana a sabon fim! An ma ɗauka. 'Yallaɓai, ga hularka.'"

"Shi ke nan? Tsoho da kai, ƙasusuwa duk sun zama gari, kan kalma uku?"

"Ke dai ki daina saurin buga bangon nan. Dariyar ba a faɗuwa take ba, a daɗewa a ƙasa take."

Don haka yau ta ƙyale shi. Ta gama hannun riga ɗaya tana murmushi, wai tsohon ya ƙware. Ta gama na biyu. Sai da rana ta take, sannan ta kira mai gidan hayar aka ɓalle ƙofarsa, aka tarar rai ya yi halinsa.

Likita ya ce zuciya ce. "Da an zo da wuri, wataƙila."

Bayan wata biyu fim ɗin ya fito. Ta sa hularta ta coci ta tafi sinima ita kaɗai, ba don komai ba sai ta sake jin muryarsa. Ga shi nan kan tsani, hula a hannu. Ya buɗe baki, sai aka tunkuɗo shi. Sun yanke maganar, sun sa ƙarar ganga.

Yana kwance bai motsa ba, jama'a na ta ɓaɓɓaka dariya. Madam Hattie ta jira, ta ƙara jira. Sannan ta dunƙule hannu ta bugi katakon kujerarta sau biyu.