Lambar da Bubayero Ya Haddace

Hadi mai gyaran waya ya ɓare murfin wayar Juwairiyya, ya zaro layin da farce, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ƙwaro.

"Wannan ne yake shanye miki kati, Hajiya. Ga wani mai araha, kuma a Toranke har ƙuryar ɗaki yake kamawa."

Juwairiyya ta gyara goyonta. Wannan maganar ce ta hau da ita babur tun safe daga ƙauyensu Toranke zuwa Gaya. Layinta ba ya kamawa sai a reshe ɗaya na darbejiyar ƙofar gida. Nan take rataye wayar cikin tsohuwar safa, ta yi ta aiki kunnenta na waje. Matan unguwa duk sun canza, saura ita.

"To a haɗa biyun mana."

"Wayarki layi ɗaya take ci. Sai dai ki zaɓa."

"A bar mini lambar, a canza kamfanin fa?"

"Ana yi. Wa ya yi rajistarsa?"

"Maigidana."

"To sai ya zo da kansa ya dangwala yatsa."

Mijinta Bubayero yana kudu da shanu tun farkon rani. Wayarsa ta faɗa kogi a hanya, sai ya samu mai tausayi a wata kasuwa yake ara ya kira ta. Kullum baƙuwar lamba, ita ba ta da inda za ta neme shi. Idan ya kira ya ji a kashe, shi ke nan.

"Idan ya kira ki ba shi sabuwar ya rubuta," in ji Hadi.

"Ba ya rubutu." Murmushi ya ƙwace mata. "Wannan lambar ma damina guda muka yi ina biya masa. Ya kai tsakiya ya ɓata, in yi dariya, ya yi fushin ƙarya."

Ta dubi sabon layin. Ta tuna ranar da ruwa ya tsuge, ta tsaya jiƙe sharkaf a gindin bishiya, wayar ba ta yi ƙara ba.

"Mayar mini da nawa, Malam."

"Ikon Allah! Kin biya kuɗin babur don ki gaishe ni ke nan?"

Da la'asar ta rataye safar a reshenta, ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Maƙwabciyarta Amarya ta leƙo ta katanga.

"A'a, mai gadin bishiya, an dawo bakin aiki?"

"An dawo."

Ranar wayar ba ta motsa ba. Washegari ma haka. Sai ran Juma'a, tana shanya kayan yaro, safar ta fara rawa. Ta ruga, ta yi ɗage, ta kara kunne ba tare da ta sauke ta daga reshen ba.

Hayaniyar wata kasuwa mai nisa, sannan muryarsa, a ɗarare kamar kullum.

"Juwai? Na danna daidai?"

Ta share ido da gefen mayafi.

"Daidai ka danna."