Gurbin Sunan Ango

Girdhar ya tallafo hannun Madam Hilda a ƙofa ta uku ta ganuwar birnin Jaisalmer, lema a ɗaya hannun, gorar ruwa a hammata, jan rawanin aiki yana ta zamo masa goshi.

"A hankali, Madam. Dutsen nan giwayen sarakuna ma ya kayar, balle ke."

Tsohuwar Baturiyar ta yi dariya tana haki.

Shekara ta uku ke nan Girdhar yana hidimar ɗaki a jirgin ƙasan nan na masu hannu da shuni, wanda a cikinsa ake ci, ake wanka, ake barci a kan gado mai taushin auduga. Duk Lahadi jirgin yakan tsaya a garinsu. Baƙi su hau ganuwa yawon kallo, shi kuwa a bar shi da gyaran gado da naɗe tawul ya zama agwagwa. Ta taga yake hango birnin a kan tudu, mai launin ruwan zuma, har yakan ƙirga hasumiyoyi ya ce, bayan waccan gidan su budurwarsa Urmila yake. Kusa kamar ya miƙa hannu, amma sai Lahadi ta wuce bai taka ba.

Yau dai Madam Hilda ta kafe, ba ta hawa sai da shi. Manaja ya ja masa kunne: "Ka sake hannunta ko na minti ɗaya, to ka yi zamanka can wurin danginka, kada ka dawo mini."

Suna shiga lungu, sai wani mai shayi ya ɗaga murya.

"Kai jama'a, ga Maharaja, sarkin sarakuna! Girdhar, rawanin nan naka ne ko na haya?"

"Nawa ne. Shayinka ne na haya, tun ina yaro ganye ɗaya kake dafawa."

Bakinsa na zuba, idonsa na gaba. Kwana tara ke nan Urmila ba ta ɗaga wayarsa.

Sawai, ɗan jagoran baƙi, ya tsayar da ayari a wata ƙofa shuɗiya. A jikin bango an zana Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa, fenti ɗanye sai sheƙi yake.

"A nan ba ma wahalar raba katin biki," in ji Sawai. "Idan gida zai aurar, sai a zana wannan, a rubuta rana da sunan amarya da na ango. Duk wanda ya wuce ya karanta, an gayyace shi."

Baƙi suka hau ɗaukar hoto. Girdhar kuwa ya matsa kusa da bangon. Ƙofar nan ya san ta fiye da ta gidansu. Ya karanta ranar: sha ɗaya ga Disamba. Ya karanta sunan amarya: Urmila. Gefensa, inda sunan ango ya kamata ya zauna, farin fili ne kawai.

Baba Jethmal mai fenti yana tsugune a gindin bangon, yana goge buroshi da tsumma.

"Baba Jethmal, mene ne wannan?"

"Jirgi ya mantar da kai karatu ne?"

"Ina sunan angon?"

"Fenti ya ƙare."

Girdhar ya dubi gwangwanin da ke gabansa, cike fal.

"Haka aka ce in ce," in ji tsohon, ya nuna sama da haɓa.

Tagar dutsen da ke saman ƙofa a buɗe take. Urmila ce, tabarau a hanci, jan biro a hannu, da alama littattafan ɗalibanta take dubawa. Ta rame kaɗan. Duk rahar da ya tara ta kwana tara sai ta gudu ta bar shi.

"Malama, barka da hutawa."

"Sannu, mai agwagwar tawul. Yau an sako ka?"

"Urmila, wasa kike yi ko? Mun fa yi magana. Da an tashi aikin bana a watan Afrilu..."

"Shekaran bara ka ce sai ka sami aiki, don babana ya ga mutuncinka. Ka samu. Bara ka ce sai an tabbatar da kai. An tabbatar. Bana kuma sai ka zama shugaban masu gyaran gado. Ni fa ashirin da takwas nake, Girdhar. Duk Lahadi in ji kukan jirgi da safe gabana ya faɗi, in ji shi da yamma in rufe taga. Kukan jirgi zan aura?"

"To wane ne shi?"

"Kailash, mai kantin magani a Pokaran. Mutumin kirki ne, ba wanda ya tilasta mini. An duba rana, ta yi kyau. Gobe danginsa za su zo a tsayar da magana." Ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen gyale, ba ta dube shi ba. "Na roƙi babana ya bar bangon haka zuwa faɗuwar ranar yau. Lahadi ɗaya na ce ya ba ni."

"Ai ga ni! Bari in shigo yanzu."

"Ka shigo a matsayin wa? Ka taɓa ganin ango ya nemo wa kansa aure a garin nan? Babba daga gidanku ya zo ya zauna da babana, shi ke nan."

Babban gidansu ɗaya ne ya rage, Baffa Manak, can ƙololuwar ganuwa kusa da tsohuwar igwa. Ba ya riƙe waya, wai tana sa kurumta, alhali kurman ne tun tuni. Kuma ba ya sauka don saƙon baki, sai wanda ya je ya taɓa ƙafarsa don girmamawa.

Sawai ya tafa hannu. "Jama'a, mu gangara! Bas ɗin komawa jirgi na tashi nan da minti arba'in. Girdhar, kawo Madam."

Girdhar ya dubi hannun da ke maƙale da nasa, fata duk ta yamutse. In ya sake shi, aiki ya tafi, kuma mahaifin Urmila ba zai ba marar aiki 'ya ba. In ya riƙe shi ya gangara, gobe war haka an rubuta Kailash.

Madam Hilda ba ta jin yarensu ko kalma ɗaya. Ta dai dubi taga, ta dubi farin filin, ta dubi fuskarsa.

"Me ya sa nan babu rubutu?" ta tambaya.

Ya buɗe baki zai shirga mata ƙarya mai daɗi irin wadda ya saba, ta ƙi fitowa. Ya gyara rawani.

"Madam, akwai wani kayan tarihi a sama can, ba ya cikin tsarin yawon. Tsoho ne, ya kusa zama sa'an ganuwar nan, ga faɗa. Ba Baturen da ya taɓa ganinsa."

"Da nisa?"

"Matakala sittin. Sawai zai yi fushi, bas ma wataƙila ta jira mu."

Tsohuwar ta sake ɗaga kai. Urmila ta yi saurin mayar da tabarau, ta duƙufa a kan littafin da ta riƙe a juye.

"To riƙe ni da kyau," in ji Madam Hilda.

Ayari ya gangara hagu, su biyu suka yi dama. A matakala ta biyar ya ji muryar Urmila a bayansa, ƙasa-ƙasa, ba da shi take ba.

"Baba Jethmal, kada ka wanke buroshin tukuna."