Ƙarar Babarbare a Kan Bafulatani

Mahaifina, Baba Modu, direban wata hukumar noman rani ne a Nguru. Sauran shekara shida ya yi ritaya aka kawo sabon shugaba, Alhaji Ridwanu, wanda ya dubi furfurarsa ya ce tsoho ba zai ƙara tuƙa motar hukuma ba. Sallama ta biyo baya.

Baba ya dawo gida yana dariya. Shi Babarbare ne, shugaban kuwa Bafulatani, wato abokin wasansa.

"Tsokana ce, Bushra. So yake in yi fushi a ce ya ci ni."

Kullum sai ya sa kakinsa ya je ya zauna a bencin ofis, shi da shugaban suna jifan juna da "bawana". Wata ya ƙare, babu albashi. Wannan albashin ne abincin gidanmu.

Ban yi digiri don in zauna ina kallo ba. Na hau mota zuwa Gashua wurin Barista Muktar. Ya ce ƙara a kan hukuma, a shigar kafin wata uku shi ne kwanciyar hankali, kuma kotun ma'aikata kaɗai ke da hurumi. Amma sai mai ƙara ya sa hannu.

Baba ya ce ko a mafarki. "In kai abokin wasa kotu? Da wane ido zan shiga kasuwa?"

Ƙannensa suka ce boko ya cinye mini kunya. Gwaggo Aisa ta daina amsa gaisuwata. Na shanye, na ci gaba da gaishe ta da ƙarfi.

A wata na biyu, da tuwo ya koma sau ɗaya a rana, Baba ya yarda a je kotun shari'ar Musulunci, don alƙalin makwabcinsa ne. Alƙali ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Modu, in gado ne ko aure, bismilla. Wannan ba rigata ba ce." Baba ya fito yana murna, wai ko shari'a ta gane wasa ne.

Wa'adi ya kusa cika. Na je ofis da kaina, na tsaya gaban shugaban, Baba na kan bencinsa, ma'aikata na ji.

"Ranka ya daɗe, za mu kai ka kotun ma'aikata."

Ya kwashe da dariya. "'Yata, yaushe bawa ya fara kai ubangidansa ƙara? Ai Babarbare ko hanyar kotun bai sani ba."

Ma'aikata suka yi ta dariya. Baba ya miƙe a hankali, ya gyara zaman hularsa.

"Bafulatanin da ya koyi zaman kujera jiya? Bushra, ba ni biro."

A kan bonet ɗin motar da aka ƙwace masa ya sa hannu. Ya ari motar wani mai kifi, ya tuƙa mu zuwa Gashua da gudun da ya sa na yi ta salati. Barista ya shigar da ƙarar cikin lokaci.

Har yau ana shari'a. Baba bai fasa zuwa bencin ba, sai dai yanzu duk safiya yakan leƙa ofishin ya ce, "Wanda ake ƙara, an tashi lafiya?"