Jakin Ƙarfen Haliru

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan da ke bayan Showak ya san halin baƙar ƙasar nan. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuwa ruwa ɗaya ya ishe ta ta koma danƙo. Babbar mota ba ta shiga, raksha mai ƙafa uku ba ta ko gwadawa, tarakta kuma tana gonar mai ita. Wanda ciwo ya kama a watan ruwa, sai dai a ɗora shi a kan gado a saɓa a kafaɗa.

Shi ya sa maganar ungozoma ta hana Haliru sukuni. Ita ungozomar, Ummusalama, ta duba matarsa Lailatu tun kafin hadari ya fara haɗuwa, ta ja shi bayan ɗaki ta ce, "Yaron nan a gicciye yake kwance. Wannan haihuwa ba tawa ba ce. Da ta ji ciwo, sai mustashfa, asibitin Showak, kada ka tsaya jiran kowa." Ya duba watanni ya ga abin zai faɗo tsakiyar damina. In ya ce zai kai ta Showak tun da wuri, gidan wa? Ba shi da kowa a can, uwarta kuma ta rasu. Shi ɗan ƙwadago ne a gonar riɗin wani, in ya bar lokacin shuka ya bar abincin shekara.

Sai ya ƙudura zai ƙera abin da zai ratsa lakar da kansa, kuma da fushi ya fara. Yana fushi da ƙasar, yana fushi da masu manyan gonaki da suka iya kawo injin girbi har nan amma suka kasa zuba tsakuwa a hanya, yana fushi da aljihunsa. Ya samo mataccen injin famfon ban-ruwa a bayan rumbun maigidansa, ya yi mako yana fasa shi yana haɗawa har ya yi tari ya tashi. Ya kwance gadon ƙarfensa, shi ya koma tabarma. Sarƙa ta tsohon babur ce, tayoyi na raksha ne da suka suɗe, ya nannaɗe su da igiyar ƙarfe don su ciji ƙasa. Omer mai walda a kasuwar Showak ya yarda ya liƙa masa ƙarafan, shi kuma ya biya da ƙarfinsa, yana sauke masa kaya duk ranar kasuwa.

"Ya zol, bawan Allah, wannan sandar ta baya ƙarama ce," in ji Omer, yana ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin. "Mutum biyu, khalas, ba ƙari. Ka ƙara buhu ɗaya, ta karye."

"Mutum biyu nake so," in ji Haliru. "In ta yi nauyi laka za ta haɗiye ta."

Mutanen gari ba su bar shi ya sha ruwa ba. Suka sa wa abin suna jakin Haliru. Masu shan shayi a gindin aduwa suna tambayarsa ko ciyawa yake ci ko dawa, wani ya ce ya yi masa akumari. Da suka matsa da tambayar amfaninsa, sai ya ce na kai ruwa gona ne. Me zai ce? Cikin fari ne. Namiji mai mutunci ba ya buɗe baki a dandali ya ce matarsa tana da ciki, balle ya shiga bayanin yadda ɗa ya kwanta. Kowa yana ganin cikin, kowa yana kau da kai, haka aka tarar ana yi. Ungozoma ta riƙe amanarta, Lailatu ta riƙe kunyarta, shi ma ya riƙe tasa.

Ranar da aka tafka ruwan farko mai ƙarfi, ya ja igiyar injin, ya hau. Jakin ya yi gurnani, ya watsa laka hagu da dama, ya tsallake ƙoramar bakin gari, ya kai shi har kwalta ya dawo kafin tuwo ya nuna. Masu dariya suka yi shiru. Haliru bai kula su ba. Ya sa katifa a bayan kujera, ya cika tanki, ya rufe abin da buhuna a ƙofar gida.

To, gwaninta ita ta jawo masa. Wata safiya, sama ta yi baƙi ta gabas, sai ga surukinsa Malam Tukur da sallama. Dattijo ne mai kirki, ba mai kwaɗayi ba, shi ya ba Haliru 'yarsa ta fari ba tare da ya tsawwala masa ba. Haliru ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa.

"Yaro, wannan arabiyar taka, motar da ka ƙera, zan ara," in ji dattijon. "Irin dawata yana gidan Husaini a ƙetaren ƙorama, shuka tana neman wuce ni. Ɗan Husaini yana nan waje, ya iya babur, shi zai ja. Kafin azahar mun dawo."

Haliru ya waiwaya wajen ɗakin matarsa. Tun asuba Lailatu take dafa bayanta tana cije leɓe, ta ce ba komai. Maganar tana nan a bakinsa: Baba, 'yarka ce, ungozoma ta ce kaza. Amma ta ina ake fara wannan zance da mutumin da ko sunan yarinyar ba ya kira saboda 'yar fari ce? Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Baba, ba ta ɗaukar kaya sosai."

"Kaɗan ne."

"Man ma…"

"Zan cika maka, kada ka damu."

Shi ke nan dabararsa ta ƙare. Da hannunsa ya yaye buhunan, da hannunsa ya sauke katifar, da hannunsa ya ja igiyar. Lailatu tana jin komai ta bayan zana, ita ma ba ta ce uffan ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma su biyun nan sun ɓoye nasu har ruwan ya huce.

Da hantsi ruwa ya kece. Kafin ya ɗauke, ciwo ya taso wa Lailatu gadan-gadan. Ummusalama ta zo a jiƙe, ta duba, ta fito da ido ja. "Ina abin da ka ƙera?" Ya gaya mata. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ka ba da aro. Kwayyis, ya yi kyau. To sai ka nemo maza."

Aka ɗora ta a gadon igiya, aka lulluɓa mata leda, maza huɗu suka saɓa. Lakar tana kama ƙafa har gwiwa, kowane taki sai an yi kokawa da ita. Haliru yana gaba ta dama, itacen gadon yana cin kafaɗarsa, yana jin nishinta a bayan kunnensa. Bai yi addu'a ba, gaskiya ce sai a faɗa. Zagi yake yi a zuci, yana zagin laka, yana zagin irin dawa, yana zagin duk wanda ya fara koya wa mutane cewa rufe baki tarbiyya ce.

A bakin ƙorama suka tarar da jakin. Ya durƙushe a gefe ɗaya, sandar baya ta karye biyu, buhunan iri jibge a kai har sun fi kujera tsawo. Malam Tukur yana tsaye a gefe riƙe da guntun ƙarfe, da alama ya shirya ba da haƙuri. Ya ga gadon. Ya ga ungozoma tana binsa a baya. Ya ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin leda, da lallen da ya sani. Ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa. Bai tambayi komai ba, ya ture saurayin da ke riƙe da kusurwar hagu, ya sa tsohuwar kafaɗarsa. Haka suka tafi kafaɗa da kafaɗa shi da Haliru, ba wanda ya dubi wani.

La'asar ta yi sanyi kafin su taka kwalta, wata mota ta tsaya ta kwashe su. A asibitin Showak aka shiga da ita da gudu. Da likita ta fito, ta ce uwar za ta tashi in sha Allahu. Yaron namiji ne, amma bai zo da rai ba. Ta ce da tun safe aka kawo ta, da wata maganar ake yi.

Haliru ya fita ya jingina da bangon waje, laka tana bushewa a jikinsa. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, wannan ma yana cikin tarbiyyar, sai ya tsaya yana kankare lakar hannunsa kawai. Ummusalama ce ta zayyana wa Malam Tukur komai, tun daga maganar bayan ɗaki har dalilin ƙera jakin, ba ta rage masa ko kalma ba. Dattijon ya tako a hankali ya tsaya gaban surukinsa. Fuskarsa ta zube.

"Don ita ka ƙera," ya ce. "Yaro, me ya hana ka gaya mini?"

Tun daga bakin ƙorama Haliru yake tara amsar wannan tambaya, kalma a kan kalma, masu zafi, waɗanda za su ishi tsohon har kabarinsa. Ya buɗe baki. Sai ya ga ya durƙusa kamar yadda ya saba, hannunsa ya kai zai cire takalmin da laka ta riga ta cinye, idonsa ya koma ƙasa.

"Ban san yadda ake faɗa ba, Baba," ya ce.