Kwali Arba'in da Ƙofa Ba Ta Gani Ba

Kun gani, kada wani ya ce bai gani ba. Duk wanda ya taɓa aiki a sito ya ga irin wannan, ya kau da kai, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Shekara goma sha huɗu Ningrum ta yi a wani siton tufafi a garin Cikarang. Ko ido rufe za ta faɗa maka layin da kowane kwali yake. Da kamfani ya kawo 'yan alamomin nan da ake manna wa kwali, masu aika lambarsu ta iska, aka kafa ƙofa mai karanta su idan kaya sun wuce, kowa ya ɗauka ita za a danƙa wa aikin. Sai aka ba Yosefin, wata 'yar tsibirin Flores da ko shekara ba ta cika a siton ba, wai ta yi kwas. Aka rataya mata na'urar hannu a wuya, aka ba ta kujera kusa da fanka.

Duk sanda Yosefin ta wuce na'urar tana ƙara, sai Ningrum ta ji kamar ana soka mata allura. A wurin cin abinci takan ce, "Ku matsa, ga gimbiyar ƙofa." Yosefin ta yi dariya, ta tura mata soyayyen tempe, wainar waken soya. "Haba Mbak," in ji ta, wato Yaya, "ni da kika nuna wa hanyar banɗaki?"

Damina ta sauka. Tun bara rufin sito yake yoyo ta gabas, ba wanda ya gyara. Masu lodi suka samo wasu mayafai masu alminiyom da aka naɗo injuna a ciki, suka riƙa lulluɓe kaya da su, wani lokaci su wuce ƙofa ba su yaye ba. Alamar kuwa ba ta iya aika lamba ta cikin ƙarfe. Ranar Talata Ningrum tana tsaye aka wuce da kaya a lulluɓe, allon ƙofa bai motsa ba. Aka wuce da wasu a buɗe, lambobi suka zubo. Nan take ta gane. Ta juya ta koma layinta.

Kafin Juma'a kwali arba'in sun fita ƙofa ba ta shaida ba. Kwamfuta ta ce suna kan kantar ajiya, wurin kuwa wayam. Kwantenar da suka shiga tana kan teku, sai bayan mako biyar za a buɗe ta. Manaja, Pak Hardiman, wato Malam Hardiman, ya tara ma'aikata. Yosefin ta yi bayani, ta ce ta duba wayoyi, ta kashe ta kunna, ta gwada da kwali ɗaya ɗaya, komai lafiya. Wani daga baya ya yi raɗa cewa ai tana da ɗan'uwa direba.

Pak Hardiman ya juyo. "Mbak Ningrum, ke ce tsohuwar gida. Kin lura da wani abu?"

Ta dubi na'urar da ke wuyan yarinyar. "Ni me na sani, Pak? Ban yi kwas ba."

A ƙarshen watan, kwangilar Yosefin ta ƙare, ba a sabunta ba. Ranar tafiyarta ta nemo Ningrum, ta miƙa mata na'urar da cajarta, ta ce kada ta bar ta a rana, batirin yana kumbura. Ta kuma roƙi gafara idan ta taɓa ɓata mata. Ningrum ta ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Ranar Litinin Ningrum ta ce wa masu lodi su riƙa yaye mayafi kafin ƙofa. Kuskure ya ɓace. Pak Hardiman ya yabe ta gaban kowa, ya ce daɗewa a aiki ta fi takarda. Da mai saye ya aiko cewa kayansa sun iso cif, sai manaja ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Ba wanda ya kira Yosefin.

Masu lodi shida sun gane abin da ya faru, sun yi shiru. Kai ma akwai sunan da ka san an ɓata a wurin aikinka, ka kuma san gaskiyar. Gobe da safe ka shiga ofis ka faɗa.