Kallon Farfesa Cikin Ido

Farfesa ta yanke shawarar sallamar Auta daga ɗakin gwaje-gwajenta. A ganinta, ɗalibar da ake yi wa magana tana kallon takalmi akwai abin da take ɓoyewa.

Auta ta ji labarin a bakin ƙawarta, ranar da ɗalibai baƙi irinta za su karanta abin da suka rubuta kan ladubban ƙasar da suka zo karatu. Nan take ta soke nata, ta rubuta sabo a tsaye.

"Abin da ya gagare ni a nan shi ne kallon babba cikin ido," ta karanta. "A gidanmu, in na zuba wa Inna ido tana faɗa, ranƙwashi zan sha. Wanda na fi girmamawa, shi na fi sunkuyar wa kai."

Aji ya kwashe da dariya, ban da Farfesa da ke kujerar baya.

A bakin ƙofa ta tare Auta. "Wato duk watannin nan girmama ni kike yi?"

"Eh, ranki ya daɗe."

"To, ki rage kaɗan. Gobe ki zo da wuri, aikinki na jiranki."